Nononki Ba Shi Da Laifi: Amsa Ga Wata Maijego Daga Tawa

Wata ɗiya daga garin Tawa ta aiko mini da tambaya. Haihuwar fari ce, yau kwananta 12, tana wanka a gidan iyayenta, mijinta kuma yana Abijan wajen bida. Ta ce kan nononta duka biyu ya tsage har yana fid da jini, na hagu ya kumbura ya yi tauri, yaro yana kwana kuka. Kakarta ta ce nonon ne ba shi da kyau, a riƙa ba yaron ruwa da madarar akuya kafin a wanke nonon da magani. Ita kanta tana jin jiri, ƙafafunta sun kumbura. Tambayarta ita ce: ta daina ba shi wannan nonon ne?

Ɗiyata, barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Kada ki daina. Na daɗe ina aikin ungozoma a ɗakin haihuwa, hannuna ya taɓa nonon mata masu jego da ba zan iya ƙirgawa ba, kuma abin da kika kwatanta na san shi kamar yunwar cikina. Tsagewar kan nono, kumburin, da kukan yaron, duk jijiyarsu guda ce: yaronki ba ya kama nono yadda ya kamata. Ruwan nonon lafiyarsa lau.

Bari in gaya miki yadda abin yake faruwa. Ana cewa jariri yana "tsotson" nono, sai mutane su ɗauka kan nonon kawai yake ja kamar mai zuƙar ruwa da tsinke. Ba haka Allah ya tsara ba. Jariri yana cika bakinsa da nono ne, har da baƙin nan da ya kewaye kan, sai harshensa ya riƙa matso ruwan daga ƙasa, shi kuwa kan nonon yana can ciki kusa da ganɗa mai laushi inda babu abin da zai goge shi. In ya kama tsinin kaɗai, dasashinsa ne zai yi ta murzar fata mai taushi sau goma a yini. Fata ta tsage. Ruwa kuma ba ya fita sosai, sai ya taru, nono ya cika ya yi tauri kamar ƙwarya. Nono mai tauri ya fi wuyar kamawa, sai yaro ya ƙara komawa tsini. Yana sha ba ya ƙoshi, yana kuka, ke kina jin zafi kina ɗari-ɗarin ba shi, mutanen gida suna kallo suna cewa nono ya ɓaci. Haka abin yake zagayawa har sai an tsinke shi a wuri guda, wato wajen kamu.

To ga yadda za ki yi, tun daga shan da zai yi yanzu. Ki zauna ki jingina bayanki da bango, ki sa matashi a cinya. Kada ki jira sai ya ɓarke da kuka. Da kin ga yana motsa baki, yana kai hannu baka, yana juya kai yana lalube, lokaci ya yi. Ki rage masa kaya, ki juyo da shi gaba ɗaya, cikinsa ya manne da cikinki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa su miƙe layi ɗaya. Yawancin ƴan matan da nake gani suna kwantar da yaro rigingine a cinya, sai ya murɗa wuya ya nemo nono. Ki gwada haɗiye ruwa wuyanki a murɗe, za ki ji wahalar da yake sha. Ki tallabe wuyansa da kafaɗu, kada ki danna ƙeyarsa. Ki daidaita hancinsa da kan nono, ki shafa kan a leɓensa na sama, sannan ki yi haƙuri ki jira. Zai buɗe baki kaɗan, kada ki ba shi. Ki jira sai ya wage shi kamar mai hamma, a wannan lokacin ki jawo shi gare ki da sauri, haɓarsa ta fara taɓa nono. Shi ake kawowa wajen nono, ke ba ki sunkuya masa. Kuma ki daina riƙe nonon tsakanin yatsu biyu kamar almakashi dab da kai, yatsun suna tare masa wurin da zai kama. Ki tallabo shi daga ƙasa, yatsu huɗu a ƙasa, babban yatsa a sama, nesa da baƙin.

In ya kama daidai za ki ga haɓarsa ta lotsa cikin nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, kumatunsa sun cika ba su lotsa ba, baƙin nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Zai fara da ja da sauri-sauri, sannan ya koma ja mai zurfi a hankali, yana tsayawa, kina jin ƙarar haɗiya. Tun da akwai rauni, za ki ji zafi a farkon kamu, amma ya kamata ya lafa kafin ki ƙirga ashirin ko talatin. In zafin ya ci gaba, ki sa ɗan ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa, ki raba shi da nonon, ki sake. Ko sau biyar ne ki sake. In ya saki, ki dubi kan nonon: ya fito a zagaye yadda ya shiga. In ya fito a matse kamar an tsuke shi da awartaki, kamun bai yi ba tukuna.

Raunin kuwa, da kamu ya gyaru yakan fara warkewa cikin kwana biyu zuwa uku. Bayan kowane sha ki matso ɗigon nono ki shafa a kai, ki bar shi ya sha iska. Ban da sabulu a kan nono, ban da man zafi, ban da toka ko wani garin magani. Ɗan jinin da yaro zai haɗiya tare da nono ba ya cutar da shi.

Na hagun da ya kumbura shi ne ya fi bukatar yaron. In kika bar shi, ruwan zai ci gaba da taruwa, daga nan sai masassara, daga masassara sai ƙurji ya yi ruwa har a kai ga tsagawa. Kafin ki ba shi, ki wanke hannu, ki sa ƴan yatsu kewaye da gindin kan nono ki danna a hankali zuwa ƙirji na kamar minti ɗaya, wurin zai yi laushi. Ko ki tatsa kaɗan: babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a bakin iyakar baƙin, ki danna zuwa ƙirji, ki matse, ki saki, ki riƙa canza wuri. Kaɗan ake tatsa, iya yadda yaro zai samu wurin kamawa. Bayan ya sha ki ɗora tsumma mai sanyi, ruwan randa ma ya isa. Kada ki yarda a murje miki nono da ƙarfi ko a gasa shi da ruwan zafi, wannan ƙara kumburi yake yi. Parasitamol ba ya hana shayarwa. Amma in wuri ɗaya ya yi ja, ya yi zafi, ga masassara da ciwon jiki kamar na sauro, kuma yini da kwana suka wuce bai sassauta ba, ki je likita. Akwai magungunan kashe ƙwayar cuta da suka dace da mai shayarwa, kuma ko kina shansu yaro zai ci gaba da shan wannan nonon. Mace mai ɗauke da cutar sida ce kaɗai nake ce wa ta tatsar da nonon da ya yi rauni, ta shayar da ɗayan, ta zo mu duba ta a ranar.

Yanzu maganar kaka. Na san gwajin da ake yi a wasu gidaje: a tatsa nono a ludayi a jefa tururuwa, in ta mutu a ce nonon mugu ne. Ɗiyata, tururuwa tana nutsewa a madarar saniya ma. Launin nono kuma yana canzawa bisa ga hikima. Na kwanakin farko, dakashi, rawaya ne mai kauri, kaɗan yake zuwa domin cikin jariri a ranar farko cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi yake ɗauka, kuma shi ne rigakafinsa na farko. Na farkon kowane sha tsararo ne kamar ruwa, shi ke kashe ƙishi. Na ƙarshen sha ya fi maiƙo, shi ke ƙosarwa ya sa ƙiba. Shi ya sa nake so ki bar shi ya gama da nono ɗaya ya saki da kansa kafin ki juya shi.

Zafin Tawa a watan Afrilu da Mayu ba sai an ba ni labari ba, ma'auni yana wuce 40, babba ma maƙogwaronsa bushewa yake. Don haka in tsohuwa ta ce a ba jariri ruwa, tausayi ne ya sa ta faɗa. Sai dai nonon uwa kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne, tatacce, da ɗumin da ya dace. Ruwan da za a ɗura masa zai cike ɗan cikin nan, ya rage tsotso, kuma nono gwargwadon yadda aka cire shi yake sake kawowa: a sha da yawa ya kawo da yawa, a rage sha ya janye. Ga kuma ƙwayoyin zawo da ke biyo ruwa da moɗa. Madarar akuya ta fi ruwa haɗari, gishirinta da nauyinta sun fi ƙarfin ƙodar jariri, in ba a tafasa ba kuma tana ɗauke da cututtukan dabba. Bauri da rubutun sha su ma su jira. In ana son tubarraki, a tofa masa addu'a, ke ki sha rubutun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara 2, kuma shekara biyun nan tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 233. A Nijar binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 kawai na jarirai ƴan ƙasa da wata 6 ke samun nono zalla, kuma abin da ya fi shiga tsakani shi ne ruwan nan na tausayi. In ana jin tsoron ƙishi, ke za a ba ruwan. Ki ajiye buta kusa da ke, duk sanda kika zauna shayarwa ki sha.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa, kakarta ta rako ta da jariri ɗan mako uku. An hana shi nono kwana shida ana ba shi madarar akuya da cokali. Maɗigarsa ta faɗa, idanu sun zurma, in ka ja fatar cikinsa sai ta tsaya a tattare, kukan ma ba ya fita. A farkon aikina da faɗa zan fara, kuma na ga abin da faɗan ya jawo: tsofaffin da na kunyata a gaban jama'a ba su sake kawo mini jikokinsu ba. A ranar sai na zaunar da tsohuwar kusa da ni, na tatsi nonon jikarta a ɗan kofi, ɗigo-ɗigo yake zuwa don ya fara janyewa, na miƙa mata kofin na nuna mata yadda za ta kafa shi a leɓen yaron ya riƙa lasa da kansa. An yi masa ƙarin ruwa da magani, uwar kuma muna ɗora mata shi a ƙirji dare da rana. Da nono ya dawo, tsohuwar nan ce take tashin jikarta cikin dare ta shayar. Saboda haka kada ki yi musu da kakarki. Ki ce mata, "Kaka, zo ki raka ni likita ki ji da kunnenki." Abin da ta gani da idonta shi za ta tsare miki a gida.

Ta yaya za ki san yana samu? Kuka ba ma'auni ba ne, jarirai suna kuka don zafi, don iska a ciki, don son jikin uwa, kuma wajen mako biyu zuwa uku sukan yi kwanaki suna neman nono kamar ba sa ƙoshi, musamman da almuru. Ki ƙirga fitsari: tsumma ko famfas ya jiƙe aƙalla sau 6 a yini da kwana, fitsarin fari ba ja ba. Kashi ya zama rawaya mai ruwa-ruwa da ƴan gudaji, wannan ba zawo ba ne. Ya sha sau 8 zuwa 12, har da dare, don shan dare ne ya fi ƙara kawo nono. Jariri yakan rage nauyi a kwanakin farko, amma zuwa kwana 14 ya kamata ya dawo nauyin haihuwarsa. Naki yana dab da wannan lokacin, don haka a ɗora shi a sikeli a gwada da abin da aka rubuta a katinsa. In kamu ya ƙi gyaruwa duk da ƙoƙarinki, a duba ƙarƙashin harshensa, wasu ana haifarsu da ɗaurin harshe.

Sai ke. A gaskiya maganar jiri da kumburin ƙafa da ke cikin saƙonki ta fi tsaya mini a rai fiye da maganar nono. A gidajenmu da an yi suna hankali yakan koma kan jariri, maijego kuwa in tana tashi tana wanka an ɗauka ta warke. Kwana arba'in ɗin nan da iyayenmu suka ware ba a banza ba ne, cikinsu ne jikin mace yake komawa daidai, kuma cikinsu ne muke rasa mata da yawa.

Kumburin ƙafa kaɗan a makon farko ba abin tsoro ba ne, yakan sace da kansa. Wanda ya kai kwana 12, ga jiri, dole a auna. Hawan jini na ciki yana iya tasowa bayan haihuwa, har zuwa mako shida, ko ga wadda awonta ya yi kyau. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu: waɗannan su ke gabatar jijjiga, ba a kwana da su a gida.

Akwai kuma ciwon zuciyar jego, wanda ƙasar Hausa ta yi suna da shi a wajen likitoci. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka danganta abin da kunun kanwa, wanka da tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Ba su kaɗai ke kawo ciwon ba, amma suna ɗora wa zuciya kaya. Kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da ta yi wata tara tana aikin mutum biyu sai ta rasa yadda za ta tura shi. Alamarsa: haki in kin ɗan yi tafiya zuwa bayan gida, kasa kwanciya sai an tara miki matasai, tari da dare, kumburi yana hawa daga ƙafa zuwa gwiwa. Ban ce ki bar wanka ba. Ki yi da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannunki za ta jure, ganyen dogonyaro ba laifi. Kunu ki sha ki ƙoshi, na hatsi, na gujiya, na tsamiya, amma daga yau a cire kanwa har sai an auna ki. Kanwa ba ta ƙara nono, tsotson yaro ne ke ƙara shi.

Jirin kuma sau da yawa ƙarancin jini ne. Ki ja fatar idonki ta ƙasa a madubi, in ta yi fari fat, alama ce. Ki ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki lokacin awo, aƙalla wata uku in an ce jininki ya yi ƙasa, kuma kada ki haɗa su da shayi, yana hana jiki ɗaukarsu. Hanta, nama, ƙwai, wake, zogale, kifi in an samu, duk naki ne. Fura kaɗai ba ta mayar da jini. Ki gaya wa maigidanki a waya cewa kuɗin da zai aiko na madarar gwangwani da kwalbar shayarwa, a saya miki hanta da ƙwai da su. Jinin biƙi ya kamata yanzu ya rage, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ko fari-fari. In ya dawo ja yana zuba har kunzugu ya jiƙe cikin awa ɗaya, ko da gudaji manya, ko yana wari tare da masassara da ciwon mara, ko ƙafa ɗaya kaɗai ta kumbura tana ciwo a sha-raɓa, a nemi abin hawa nan take. Masassara kowace iri a jego a gwada jini a gani ko ta sauro ce, kuma ku kwana cikin gidan sauro ke da shi.

Abu ɗaya da ba a cika tambayar maijego ba: yaya zuciyarki? Kuka ba dalili a kwanakin farko yana samun mata da yawa, yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce, ba kya barci ko yaro ya yi barci, abinci ba ya miki daɗi, kina jin ba ki iya uwa ba, ko wani mugun tunani yana zo miki game da kanki ko yaron, ki faɗa wa innarki da ungozoma. Ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne. Ga mijinki yana nesa, ga zafin nono, ga maganganu, kayan sun yi wa ƴar haihuwar fari yawa.

Shi kuma yaron, abubuwan da ba a jira da su: ya ƙi shan nono sam, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi ya kai 60 a minti ko ƙirji yana lotsawa, ya yi laƙwas ba ya motsi sai an taɓa shi, jijjiga, cibiya ta yi ja tana ruwa, ko shawara ta sauko har tafin hannu da na ƙafa. In ba a riga an cire masa beli ba, ina roƙonki a bar masa abinsa. Beli ba ya hana shan nono, cire shi kuwa yana jawo zubar jini da ciwon da ke sa jariri ya ƙi nonon. A tabbata ya samu allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ɗigon shan inna na haihuwa, sauran kuma suna nan a mako 6, 10 da 14. A zuwan mako 6 ɗin za ku yi maganar hutun haihuwa. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai in sharuɗɗa uku sun cika tare: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ranar da aka fara ba shi ruwa da madarar akuya, wannan kariyar ta fara zubewa, ƙofar kwanika ta buɗe.

Gobe da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ki ɗauki katin awonki da na yaron ki je CSI, wato ƙaramar likitar gwamnati, mafi kusa da ku, ko inda kika haihu. Tun 2006 doka ta sa kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnati, amma ki riƙe ɗan kuɗi saboda naki gwajin. Ki ce a auna miki hawan jini, a duba yawan jininki, a saurari ƙirjinki, a duba nonon hagu, a ɗora yaro a sikeli. Sannan ki zauna gaban ungozoma ki shayar da shi tana kallo, ta gyara miki da hannunta, don minti goma na gani da ido ya fi duk abin da na rubuta nan. In kuwa cikin daren nan numfashi ya yi miki wuya, ko ciwon kai ya taso da dishi-dishin ido, kada a jira asuba, a wuce da ke babbar likita ta Tawa kai tsaye. Ki tafi da kaka, ita ta riƙe miki yaron a hanya.